Rahoton Ayyukan Shekara: Tankunan Ƙarƙashin Ƙasa, Yoyo da Kuɗin Ƙungiya

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, Alhazai da sauran 'yan uwa masu gidajen mai, ga abin da aka yi a shekarar da ta ƙare, da abin da aka yi alkawari bai samu ba.

An yi tarukan wata-wata, kuma fuskokin da aka saba gani su ne dai suka zo.

Abin da ya fi faranta rai shi ne bitar da aka yi gab da faɗuwar damina, a gidan man ɗaya daga cikin iyayenmu da ya tono tsohon tankin fetur mai cin lita 33,000 zai canza. Allah Ya saka masa da alheri, bai rufa abin ba, ya bari manajoji da yaran famfo suka taru suka gani. Sai da aka zuƙe ragowar mai, aka wanke, aka auna iskar ciki da na'ura, sannan aka bar mutane suka matso. Tankin da ake cewa "ai babu komai a ciki" shi ya fi cin masu walda, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a gindi yana jiran tartsatsi.

Da aka mirgina shi sai ga huda biyu. Ɗaya daidai ƙarƙashin bakin awo, inda sandar awo take dukan ƙarfe safe da yamma shekara da shekaru, ba a sa farantin kariya ba. Ɗayar a gefe take, inda aka cike ramin da ɓaraguzan gini maimakon yashi mai tsabta. Dutse ya kankare kwaltar da aka shafa, tsatsa ta samu ƙofa. Kowace huda ba ta kai ƙwayar wake ba, amma ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi baƙi ƙirin, wanda ya damƙa kuwa ya wuni yana warin fetur. Injiniyan da ya jagoranci bitar ya buga lissafi a allo: yoyon rabin lita a awa, lita 12 ke nan a rana, sama da lita 4,000 a shekara. Kowa ya ninka da farashin yau, wurin ya yi tsit.

Daga nan aka koma kan awo, wanda shi ne zuciyar bitar. A auna da safe kafin a kunna famfo, a sake bayan an rufe, mutum ɗaya, sanda ɗaya, a sauke ta a hankali kada a sake ta ta faɗi. Abin da aka buɗe da shi, a haɗa da abin da tanka ta sauke, a cire abin da mitar famfo ta nuna, a gwada da abin da sanda ta ce. Giɓin rana ɗaya ba ya nuna komai, saboda fetur yana kumbura da zafi, kusan lita 30 a kowane digiri ɗaya a cikakken tanki irin wannan. Abin tsoro shi ne giɓin da kullum gefe ɗaya yake faɗawa, mako bayan mako. Da yawanmu mun kori yaro a kan sata alhali man cikin ƙasa yake tsiyaya, galibi ma ta mahaɗar bututun da ke zuwa famfo.

An nuna yadda ake shafa man gano ruwa, irin Kolor Kut, a bakin sanda: launinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, yana taɓa ruwa ya koma ja. Ruwan da ya ƙaru a tanki bayan an yi ruwan sama, a fara duba murfin bakin saukewa da robarsa. Wanda yake ƙaruwa ba sama ba komai, to ƙofar da ya shigo ta nan mai yake fita. An kuma ja kunne a kan barin tanki fanko a tsakiyar damina a wurin da ruwa ke kusa: tanki mai lita 33,000 da ruwa ya kewaye, ƙarfin da ke tura shi sama ya kai tan 33, in ba a ɗaure shi da kankare ba zai taso ya tsinka bututu. Kada kuma a cika fiye da kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari.

Ta ɓangaren doka, tun bayan dokar man fetur ta 2021 lasisinmu yana hannun NMDPRA, hukumar da ke kula da jigila da sayar da mai, ba tsohuwar hukumar DPR ba, amma har yanzu wasu na kawo mana takardun tsohon zamani su ce a taya su. Dokar 2006 ta NOSDRA, hukumar da ke kula da malalar mai, ta ce a kai rahoton malalar mai a rubuce cikin awa 24, wanda bai kai ba tarar naira 500,000 ce a kowace rana. Tarar ma da sauƙi a kan gurɓata rijiyar maƙwabci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas ya samu sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a rijiyoyin garin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900. Bututu ne ya jawo nasu, amma man da ke tankunanmu ɗan gidansu ɗaya ne, kuma yawancinmu katanga ce kawai tsakaninmu da gidajen mutane.

Sai abin da ba a yi ba. An tsayar cewa za a ɗauki kamfani ɗaya ya yi wa tankunan mambobi duka gwajin yoyo a farashin taro, wato da rangwamen yi tare. An nemo farashi, an yi ciniki, kamfanin ya nemi kafin alƙalami, asusu bai kai ba. Masu cewa kwamiti ya yi barci su tambayi ma'aji sau nawa aka buga musu waya. Haka na'urar auna kariyar tsatsa da aka so a saya ta ƙungiya, wadda ke nuna ko ƙarfen magniziyam da ake binnewa a gefen tanki ya cinye. Shi yake ruɓewa a madadin tanki, in ya ƙare ba a sani ba tsatsa ta koma kan tankin. Na'urar ma tana nan a takarda. Rijiyoyin sa ido kuwa, da ake haƙawa a gefen tanki don gano yoyo, 'yan ƙalilan ne suka haƙa, da kuɗin aljihunsu.

Mun san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tanka ɗaya ya zama abin da ya zama, ba wanda bai ji a jikinsa ba. Amma kuɗin wata na ƙungiya bai kai ribar rabin yini a famfo ɗaya ba. Akwai waɗanda ba mu ganin su sai ranar da jami'ai suka rufe musu famfo, sannan su kira da tsakar dare suna "ina amfanin ƙungiya?" Masu riƙe da wannan aiki ba albashi ake ba su ba, su ma suna da gidajen man da suke bari su bi ku.

Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a taro mai zuwa, kamar yadda aka amince. Gwajin farashin taro za a sake nema kafin damina, ga waɗanda suka biya kawai. Kowa ya zo da littafin awonsa na wata uku na ƙarshe, da shekarar da aka binne kowane tanki, domin da tsofaffin za a fara.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya