Rahoton Kwamitin Gyaran Katangar Tsohuwar Maƙabartar Unguwa

Assalamu alaikum. Tun bayan Sallah ake tare mu a ƙofar masallaci ana tambayar ina kuɗin katanga suka shiga. Haƙƙinku ne ku sani.

A zaman farko an amince a tayar da katangar gabas da ta kudu, a kuma kwashe bolar da ta fara hawa kan kaburbura. Duk an yi.

Inda ake ta ƙorafi shi ne ginin ƙasa da muka yi maimakon bulo. Jama'a, maƙabartar nan ta girmi kakanninmu, kuma baƙin da ke zuwa Katsina ganin Hasumiyar Gobarau da ziyarar Waliyi Ɗan Marna sukan biyo ta nan. Kaburbura sun matso har jikin tsohon tushe. Haƙa wa bulo harsashi na nufin tone bayin Allah, malamai kuwa suka ce kul. Masu cewa a shafe da siminti, tsofaffin magina sun ba su amsa: ruwa ke kwanciya a bayansa, wata rana ya ɓamɓaro da ƙasar gaba ɗaya. Shi ya sa muka nemi makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ga ta da wuyar samu yanzu.

Sai kuma ruwan Agusta. Kowa ya san daga gabas hadari ke tasowa, kuma nan ya kwantar da wani sashe kafin a kai ga shafe. Bayan damina aka sake kwaɓa ƙasa aka yi sabon tubali, lokacin kuɗin tifa ya tashi. Nan da lambatun da ke janye ruwa daga gindin katanga suka cinye fiye da rabin abin da aka tara. Rasitai na hannun ma'aji, mai so ya zo ya duba.

Godiya ta musamman ga dattijon da ya ɗauki nauyin makuba ya hana a faɗi sunansa, Allah ya jiƙan mahaifansa. Iyayenmu mata sun ba da kwasar adashinsu sukutum, masu haƙar kabari kuma ko kwabo ba su karɓa ba. Allah ya saka da Aljanna.

Katangar arewa dai har yanzu a zube take, awaki na kiwo a kan iyayenmu, ƙofa ma babu. A taimaka kafin ruwa ya sauka. Ko tifa ɗaya ce, a ga ma'aji bayan la'asar.