Maki 22 da Chiefs suka ci ba su rage darajar tsaron Eagles ba

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin wasanni na rediyo ka tambaye ni dalilin da ya sa nake yabon masu tsaron bayan Philadelphia Eagles a wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, na 9 ga Fabrairu 2025 a New Orleans, wanda Eagles suka ci 40 da 22, alhali Kansas City Chiefs sun ci maki 22, kuma kyautar gwarzon wasa ta tafi ga Jalen Hurts, mai jifan ƙwallo na Eagles, wanda aikinsa kai hari ne. Ga amsata.

A ƙwallon Amurka, yawan makin da aka ci ƙungiya ba ya isa a yanke wa tsaronta hukunci, sai an duba lokacin da aka ci su da halin da wasan yake ciki. An tafi hutun rabin lokaci Eagles na da 24, Chiefs ba su da ko ɗaya, kuma duk gaban da Patrick Mahomes, mai jifan ƙwallo na Chiefs, da abokansa suka ci bai wuce yadi 23 ba. Sai da aka kai 34 da nema kafin Chiefs su ci makinsu na farko. Goma sha shida daga cikin 22 ɗin kuwa sun zo ne a mintunan ƙarshe, bayan an kai 40 da 6, wasa ya riga ya mutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi aikin. Kocin tsaron Eagles, Vic Fangio, bai ƙara ko mutum ɗaya a kan 'yan gaba huɗu da ke farautar Mahomes ba, ya bar bakwai a baya suna toshe masu karɓar ƙwallo. Duk da haka sau shida aka kayar da Mahomes kafin ya jefa. Josh Sweat ya yi ta ture mai gadinsa har cikin ƙirjin Mahomes, Milton Williams kuma ya kayar da shi sau biyu, a ɗaya ma ƙwallon ta suɓuce wa Mahomes. Da matsin ya yi yawa sai jifan ya lalace: Cooper DeJean ya cafke ɗaya ya ruga yadi 38 ya ci, a ranar da ya cika shekara 22, Zack Baun ya tsinke wata kafin hutu.

Ka tuna kuma da kakar 2022, lokacin da Eagles suka kayar da masu jifa sau 70, amma a wasan ƙarshe suka kasa kayar da wannan Mahomes ɗin ko sau ɗaya, aka doke su 38 da 35. Shi ya sa ba na dogara da jimillar kaka kaɗai.

Game da kyautar gwarzo, Hurts ya yi wasa mai kyau, ban musa ba, amma da ina cikin masu zaɓe, Sweat zan ba ƙuri'ata.

Na gode da tambayarka. Wassalam.