Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da na kai wa kwamfutata a sa mata sabon faifai

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ban so maganar nan ta kai ga rubutu a bainar jama'a ba. Sau huɗu ina zuwa ofishinku, duk zuwan sai a ce Oga ya fita, in dawo jibi. Na bar lambata wajen yarinyar da ke karɓar baƙi, har yau ko filashin ba a yi mini ba. Ban kama sunan kamfaninku ba domin ba tozarta ku nake nema ba. Kun san kanku, yaran shagon ma sun san ni: ni ne mai kantin maganin da ya kawo baƙar HP a tsakiyar watan Satumbar 2025.

Abin da ya kawo ni a fili yake. Microsoft ta sanar cewa daga 14 ga Oktoba, 2025 za ta daina kula da Windows 10, kuma kwamfutar ta yi nauyi, sai ka kunna ta ka auna wa mutum biyu magani kafin ta gama farkawa. Abu biyu na nema. A cire tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda kuke kira HDD, a sa SSD, sabon nau'in faifai marar juyawa da ya fi sauri. Sannan a ɗora Windows 11 a kan wanda ke ciki ba tare da an taɓa fayilolina da manhajojina ba. Na maimaita wannan na biyun har injiniyanku ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ko allura ba za ta ɓata ba." Shi da kansa ya duba ya tabbatar mini ta cika sharuɗɗan Windows 11: Intel Core i5 ce zubi na takwas, tana da ɗan na'urar tsaron da ake kira TPM 2.0, ram ɗinta ya haura gigabait 4 ɗin da ake buƙata.

Bayan kwana biyu na dawo, aka miƙo mini kwamfuta tana tashi kamar walƙiya, babu komai a cikinta. Fomatin aka yi mata, aka girka Windows daga tushe. Manhajar lissafin kantina ta tafi, da jerin magunguna da ranakun da wa'adinsu ke cika, da littafin bashin mutanen unguwa, da hotunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, waɗanda na kwashe daga tsohuwar waya. Zan faɗi nawa laifin kafin a faɗa mini: kwafin ƙarshe da na yi a filas na watan Yuni ne, sakaci na yi. Amma ai na faɗa wa yaronka haka tun a kan kanta, kuma dalilin ke nan da na yi ta nanata kada a share.

Da na tambaye shi, sai ya ce wai idan aka sauya faifai dole ne a yi fomatin, babu wata hanya. A lokacin na yi shiru don ban sani ba. Yanzu na sani, kuma kai ma ka sani, ba gaskiya ba ne. Ana kwafe tsohon faifai ɗungurungum zuwa sabo, muddin abin da ke ciki bai fi ƙarfin sabon ba, kuma nawa ko rabin SSD ɗin bai cika ba. Idan an kwafe, sai a ɗora Windows 11 a kai, komai na nan a wurinsa. Windows ma kan ajiye tsohon tsarin a wata folda mai suna Windows.old, ta ba mutum kwana 10 ya koma baya idan sabon bai yi masa ba. Aikin yana cin lokaci, na yarda, musamman daga faifai mai jan ƙafa irin nawa. Fomatin kuwa minti talatin ya isa. Ina zaton a nan gizo ke saƙa.

Kada a ce ina kushe girkawa daga tushe. Masana da dama sun fi son ta, tana kawar da tarkacen shekaru, kuma da an zaunar da ni an ce, "Alhaji, wannan ta fi, amma za mu kwashe kayanka tukuna, manhajar kantin kuma sai mai ita ya sake sa maka," da wataƙila na amince. Kayana ne, ni ya kamata in zaɓa. Ko a hakan ma, tunda a kan sabon faifai aka yi girkin, me ya haɗa shi da tsohon? An ciro shi lafiya lau da komai nawa a ciki. Akwatin USB mai araha ya isa a saka shi a miƙo mini, in kwashi abina a gida.

Sai aka ce mini an yi "musaya", wai an rage mini kuɗin SSD a madadin tsohon faifan. Ba a yi wannan cinikin da ni ba, kuma babu shi a rasit. Da na matsa, aka ce an share shi an sa wa wani. To wace irin shara? Duk mai gyara ya san fomatin na gaggawa a kan HDD ba ya goge bayanai, alamar wurinsu kawai yake cirewa, kuma manhajojin da ke dawo da su kyauta suke a intanet. A cikin faifan nan akwai sunayen mutane da irin maganin da suke karɓa bashi. Akwai dattijon da ko 'ya'yansa ba su san ciwon da yake fama da shi ba. Wannan ya fi asarar hotuna hana ni barci. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ba na jin ta yarda a sayar da sirrin marasa lafiya a cikin kwamfutar wani.

Duk da haka na haɗiye, na ce ƙaddara ce. Na biya mai manhajar kanti ya sake sa mini, na kwashe mako uku ina shigar da kaya da hannu bayan sallar isha'i. Bashin wata uku kuwa, wanda ya ji tsoron Allah ya kawo, sauran na bar su da Mahaliccinsu.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A watan Maris, ana cikin azumi, sai ga saƙo a kan allo wai lasisin Windows ɗina ya kusa ƙarewa. Lasisin da ke rubuce a rasit ɗinku, naira 15,000, da hatiminku a kai. Ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta ya zo shan ruwa, na nuna masa. Ya rubuta wani ɗan umarni, slmgr /xpr, nan take kwamfutar ta faɗi ranar ƙarewa. Ya ce, "Baba, wannan KMS ne." Ya yi mini bayani cewa tsari ne da Microsoft ta yi wa manyan ma'aikatu masu kwamfutoci da yawa, lasisin kwana 180 ne da ake sabuntawa daga uwar garken ma'aikatar. Masu kirak, wato masu satar lasisi, suna kwaikwayonsa da wata 'yar manhaja, idan manhajar tsaro ta Windows ta gano ta ta cire, sai wa'adi ya cika asiri ya tonu. Ka lissafa daga tsakiyar Satumba, ranka ya daɗe, ka ga inda kwana 180 ya faɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da yaron ya nuna mini bayan nan. Kwamfutar tana da lasisinta na gaskiya tun daga masana'anta. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni irin su HP suke dasa mabuɗin lasisin a cikin madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, ba sa manna shi a takarda a gindin kwamfuta kamar da. Nawa na Windows 10 Home ne, wato nau'in da aka yi don amfanin gida, kuma hawa daga shi zuwa Windows 11 Home kyauta ne. Sauya faifai ba ya taɓa wannan lasisin, don da madabod yake ɗaure. Da an girka Home, ana jona ta da intanet za ta tabbatar da kanta, ko sisi ba sai na biya ba. Yaranka suka sa mini Pro, nau'in ma'aikatu, wanda lasisin Home ba ya buɗewa, suka toshe ramin da kirak, suka karɓi kuɗi. Ba zan kira shi kuskure ba, domin filas ɗin girki na asali, wanda ake haɗawa daga shafin Microsoft, yana karanta mabuɗin da ke madabod ya zaɓi Home da kansa. Kafin Pro ya hau sai an karkatar da shi da gangan, ko kuma filas ɗin shagonku dama gyararre ne. Ni me zan yi da Pro a kantin magani? Garin neman gira na rasa ido.

Kuma wai komawa Home daga Pro ba ta yiwuwa sai an sake girkawa daga tushe. Wato fomatin na biyu, da sake kiran mai manhaja, da sake biyansa.

Ga abin da nake nema. A nemo wanda aka sa wa tsohon faifaina a karɓo shi, ku ba shi wani, nawa a damƙa mini a hannu ko da babu abin da zai dawo daga ciki. Kuna da littafin da kuke rubuta masu kawo gyara, na gan shi a kan kanta, don haka kada a ce ba a san inda ya shiga ba. A mayar mini da naira 15,000 ta lasisin bogi, a kuma biya abin da mai manhaja zai caje ni karo na biyu. Girkin Home ɗin ba na so ku yi, ɗan ƙanena zai yi a gabana. Sannan ina ba ka shawara, ko ba don ni ba, ku buga 'yar takarda da mai kaya zai sa hannu kafin a taɓa faifansa: a share ko kada a share, tsohon faifai a mayar ko a yi musaya, wane Windows za a sa, lasisin daga ina. Ka kuma sa a binciki filas ɗin da yaranka ke girki da shi, don ba na jin ni kaɗai aka yi wa haka a rububin watan Satumba da Oktoba, lokacin da layi ya kai har bakin ƙofarku.

Na ba ku mako biyu daga yau. Rasit yana hannuna, hoton saƙon da ya fito a allo ma yana nan. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ka ba, zan kai su hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, maganar faifan kuma in kai ta hukumar kare bayanai. Kantina a buɗe yake daga takwas na safe zuwa goma na dare, lambata kuma tana wajen yarinyar da ke karɓar baƙi, sau huɗu ta rubuta ta.

Wassalam.

Naka,
Mai kantin magani, Kano