Sulhun ma'aurata ba ya kashe ƙarar laifi sai kotu ta rufe ta

Malam Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin masu karatu kan wani sakaci da yake jefa mutane cikin wahala bayan sun ɗauka rigima ta wuce. Miji da mata sun saɓa, rai ya ɓaci, ɗaya ya garzaya wurin 'yan sanda. Ita ta ce ya doke ta, ya kore ta, ya riƙe mata gwal da takardun makaranta. Shi kuma ya shigar da nasa ƙorafin, cewa ta kwashe masa kuɗi ko 'yan uwanta sun yi masa barazana. Daga baya manya suka shiga tsakani, aka daidaita ko aka rabu lafiya, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya sake leƙa kotu.

Amma fayil yana nan a buɗe. Da zarar 'yan sanda sun rubuta rahoton farko sun kai gaban alƙali, shari'a ta zama tsakanin hukuma da wanda ake tuhuma, wadda ta kai ƙorafi kuma ta koma mai ba da shaida kawai. Yafiyarta tana da nauyi, amma ba ita ke rufe shari'a ba. Magatakarda zai kira suna a ranar zama, ba a amsa ba, a ɗage. A zama na gaba mai gabatar da ƙara ya nemi sammacin kamu, alƙali ya sa hannu, a aika wa wanda ya tsaya beli ya kawo mutuminsa ko ya biya kuɗin da ya ɗauki alkawari. Sai ka ga an kama magidanci yana zaune lafiya da matar da ta kai shi ƙara, ko maganar ta taso ranar da ya je neman takardar shaidar rashin laifi domin aiki ko biza.

Abu na farko shi ne a tantance inda maganar ta tsaya da kuma wanda ya shigar da ita, domin hanyar fita ta dogara da wannan. Idan tana hannun 'yan sanda ba a kai kotu ba, mai ƙorafi ta rubuta takardar janyewa da sa hannunta, ta kai da kanta, a buga hatimin karɓa a kwafinta. In ƙorafin tun asali na bashi ne ko saɓa yarjejeniya, a Najeriya sashe na 8(2) na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum a kan irin wannan. Sashe na 7 na dokar 2015 ya hana kama wani a madadin wanda ake nema, abin da ake yawan yi wa uwar miji ko ƙaninsa.

Idan mai ƙorafi ce ta shigar da ƙara kai tsaye gaban majistare, sashe na 355 na dokar 2015 ya ba ta damar neman janyewa kowane lokaci kafin hukuncin ƙarshe. Sai ta gamsar da kotu cewa akwai dalili, in kotu ta amince sai ta wanke wanda ake tuhuma. Idan kuwa hukuma ce ke gabatar da ƙarar, mai gabatarwa ne zai nemi janyewa a ƙarƙashin sashe na 108. A nan akwai bambancin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai ya cije su. In an janye kafin a kira wanda ake tuhuma ya kare kansa, sallama ce kawai, ana iya sake dawo da tuhumar gobe. In an janye bayan an kira shi ya kare kansa, wankewa ce, kuma sashe na 36(9) na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da wanda aka wanke a kan laifi ɗaya. Don haka a karanta umarnin kotu kalma bayan kalma kafin a yi murna. Wannan doka ta 2015 ta kotunan tarayya da Abuja ce, jihohi suna da nasu makamantanta, lambobin sassa na iya bambanta, dole lauya ya duba ta jihar da ake shari'ar.

Akwai kuma ƙofar Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati. Sashe na 174 na Tsarin Mulki ya ba na tarayya, sashe na 211 ya ba na jiha, ikon karɓe shari'ar laifi ko dakatar da ita a kowane mataki kafin yanke hukunci, bisa la'akari da maslahar jama'a, adalci, da hana wasa da kotu. Ana rubuta masa koke ta ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, a haɗa da kwafin tuhuma da yarjejeniyar sulhu. Ita ma sallama take haifarwa.

Inda ba a yi sulhu ba, ɗaya ɓangaren ya dage, sai a nufi soke tuhumar ta fuskar doka, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Alƙali ba zai saurari "ƙarya take yi mini" a wannan mataki ba, domin wannan magana ce ta shaida, sai an zauna shari'a. Abin da zai duba shi ne: ko da an ɗauka duk abin da aka rubuta gaskiya ne, ya zama laifi a rubutacciyar doka? Kotun tana da hurumi? An ambaci abin da kowane mutum ya aikata, da rana da wuri, ko kuwa an jero sunayen dangin miji ne a dunƙule? Misalin da ɗaliban lauya suka sani shi ne shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961, inda kotun gargajiya ta hukunta wata matar aure kan zina, Babbar Kotu a tsohuwar Jihar Yamma ta soke hukuncin saboda babu rubutacciyar doka da ta mai da abin laifi a can. Ƙa'idar tana sashe na 36(12) na Tsarin Mulki yanzu. Sai dai a sani, sashe na 306 na dokar 2015 ya hana tsayar da shari'ar laifi saboda wata buƙata da aka shigar a kotu, sashe na 396(2) kuma ya ce ƙalubale kan ingancin tuhuma sai ranar hukunci za a yanke shi. Wanda ya daina zuwa kotun farko saboda ya shigar da takarda a Babbar Kotu, sammaci zai tarar da shi.

Indiya ta shimfiɗa wannan hanya sosai, saboda yawan irin waɗannan shari'o'i a can. A 1983 suka saka sashe na 498A a dokar laifukansu domin hukunta cin zalin matar aure daga miji ko danginsa, ɗaurin da ya kai shekara 3, kuma ba ya cikin laifukan da ɓangarori ke iya sasantawa su rufe da kansu. A 2003, a shari'ar B.S. Joshi, Kotun Ƙolinsu ta ce Babbar Kotu na iya soke irin wannan ƙara in ma'aurata sun daidaita. A 2012, a shari'ar Gian Singh, ta ja layi: rigimar da asalinta na iyali ne ko dukiya ana iya soke ta, amma kisa da fyaɗe da manyan laifuka ba a soke su ko da an sasanta. Tun 1 ga Yuli 2024 sababbin dokoki suka maye gurbin tsofaffin, ikon sokewar yana nan. Muna ganin wannan layi daidai ne, kuma ya kamata kowane alƙali ya riƙe shi. Matar da aka karya wa hannu, ko aka watsa wa ruwan zafi, ta zo da kawunta a bayanta tana cewa ta yafe da murya ƙasa ƙasa, haƙƙin kotu ne ta tambaye ta ita kaɗai, ta duba rahoton likita, ta ƙi janyewar in ta ga tilas a ciki. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 kan dukan abokin aure, ba don a riƙa shafe ta da takarda ɗaya aka yi ta ba.

Yarjejeniyar sulhun kanta ita ce inda aka fi yin ɓarna. A rubuta lambar kowace ƙara da kotun da take, ta miji da ta mata da ta dangi, a kuma ce za a janye su a lokaci guda. Wanda ya riga janye tasa ba tare da wannan sharaɗi ba ya bar wuyansa a hannun ɗayan. A jera kayan da za a mayar ɗaya bayan ɗaya, gwal da nauyinsa, takardu da sunayensu. In akwai kuɗi, a raba biyansa kashi biyu ko uku ta banki, kashin ƙarshe ranar da kotu ta ba da umarni. Ciyar da yara da riƙonsu a ware su daban, domin haƙƙin yara ne, ba abin musaya da janye ƙara ba.

Lafazin takardar rantsuwa ma abin kula ne. Kada a sa mai ƙorafi ta rubuta cewa ƙarya ta yi, domin ba wa hukuma bayanin ƙarya laifi ne mai zaman kansa, kuma rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba wani laifin ne. Ta rubuta gaskiya: an sasanta, ta karɓi abin da aka yi alkawari, ba wanda ya tilasta ta, ba ta son ci gaba. Ta zo kotu da kanta da katin shaida. A kuma guji biyan kuɗi domin a ɓoye babban laifi, mai bayarwa da mai karɓa duka suna iya shiga hannu.

Bayan alƙali ya yi magana, a nemi kwafin umarnin mai hatimin kotu, ba hoton waya ba. A kai kwafi ɗaya ga ofishin 'yan sandan da ya fara binciken a karɓi shaidar karɓa. A roƙi kotu a zaman nan ta soke duk wani sammacin da ke waje, ta sauke wa mai tsayawa nauyin beli, ta mayar da fasfo ko takardar fili da aka ajiye, a kuma tabbata an rubuta waɗannan uku a cikin umarnin kafin a bar harabar kotu.

Mun gode da wannan fili.

Daga wasu lauyoyi masu aiki kan shari'o'in iyali da na laifuka