Khawaja Ba Kafiri Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Gadarif a gabashin Sudan, inda nake sana'ar riɗi. Na ga wani rahoto a jaridarku kan ma'aikatan agaji da ke sansanonin 'yan gudun hijira, marubucin ya ce mutanen nan suna kiran su "khawaja", sai ya fassara kalmar da "kafiri". Ya yi haƙuri, amma fassarar nan ba ta hau ba, kuma tana iya sa mai karatu a Kano ya ɗauka zagin mutanen ake yi alhali abinci suka kawo.

A bakin mutumin Sudan, khawaja Bature ne kawai, baƙo farar fata. Mace khawajiyya, in suna da yawa khawajat. Baturen da ya musulunta, ko kullum a sahun gaba yake salla, yaran unguwa ba za su fasa bin sa suna "khawaja, khawaja" ba. Kiristan Dutsen Nuba kuwa babu mai ce masa haka. Kai, a Juba ma, babban birnin Sudan ta Kudu, inda Kiristoci suka fi yawa, su da kansu "kawaja" suke ce wa Bature. To ina kafirci a nan?

Lokacin da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno da sauran garuruwan nan, khawajan da talaka ya fi sani ba jami'in Ingila ba ne, shi "mufattish" ake ce masa. Khawaja shi ne Bagirke ko Ba'armeniye mai kanti, wanda ake cin bashin sukari da atamfa a wurinsa. Ragowarsu sun daɗe. Otal ɗin Acropole na Khartoum, wanda Girkawa suka buɗe a 1952, yana aiki har yaƙin 2023 ya rufe shi.

Kalmar ma ba Larabci ba ce, aro ce daga Farisanci, kuma can ma'anarta ubangida, babban mutum. Shehunan da ɗariƙar Naƙshabandiyya ta fito daga cikinsu a yankin Bukhara, Khwajagan ake kiransu. Babban waliyyin nan na Ajmer a Indiya, Mu'inuddin Cishti, wanda ya rasu a 1236, har gobe Khwaja ake sa masa kafin sunansa. Ka ga laƙabin waliyyai ne marubucinku ya mayar kafiri.

Yadda ta sauka kan Bature kuwa, kasuwa ce ta kai ta. A zamanin Mamalik a Masar, khawaja laƙabin manyan attajirai ne masu safara tsakanin ƙasashe. Da fataken Turai da Armeniyawa suka yawaita, ga su da dukiya, ga shi ba a ce musu alhaji ko shehu, sai wannan laƙabi ya dace da su. A hankali attajirin ya ɓace daga ma'anar, baƙon ya rage. Misirawa suna cewa "khawaga", har suna da wata magana, "uƙdatul khawaga", ciwon ganin duk abin da ya fito daga hannun Bature ya fi na gida. Mu ma muna da ciwon, sunan ne dai ba mu raɗa masa ba.

Turkawa suka ɗauke ta suka bi wata hanya dabam. A wurinsu "hoja" malami ne, na masallaci da na makaranta. Ɗalibin jami'a zai ce wa farfesansa "hojam", wato malamina, kuma har kocin ƙwallo ya samu rabo: magoya bayan Galatasaray "Fatih Hoja" suke ce wa Fatih Terim. Daular Usmaniyya ta kai kalmar Bosniya da Albaniya, can ma liman take nufi. Abin da ke ba ni dariya mai ɗaci shi ne Enver Hoja, wanda ya mulki Albaniya daga 1944 zuwa 1985. Sunan gidansu ke nan, Hoja, amma shi ne a 1967 ya rufe masallatai da coci-coci, ya haramta addini a ƙasar baki ɗaya.

A Gujarat ta ƙasar Indiya ta zama sunan al'umma guda, Khoja, 'yan kasuwa, da yawansu mabiya Aga Khan ne, sun bazu har Zanzibar da Mombasa. Daga gidan Khoja Muhammad Ali Jinnah ya fito. A fadar sarakunan Mughal kuma "khwaja sara" shi ne baba, wato dandaƙaƙƙen namiji mai tsaron matan sarki, shi ya sa a Pakistan ta yau sunan ya koma kan mata-maza da mazan da ke zaman mata, alhali a ƙasar dai Khawaja sunan manyan gidaje ne, har da ministoci.

Saboda haka duk wanda ya ce zai gane kalma ta hanyar tono asalinta, ko ta hanyar kallon wanda aka jefa wa ita sau ɗaya, zai sha ƙasa. Sai ka zauna da masu faɗarta ka ji muryar da suke faɗa da ita. Ɗan'uwanmu mai gadi a Legas ya san "aboki" da ake kiransa da ita ba abota ba ce, ko da yake kalmar tamu ce kuma mai kyau ce. Mu nan "Fallata" ake ce mana. Asalinta sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma a Sudan ta haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a buhu ɗaya. Maƙwabcina Baja'ale, ɗan wata ƙabilar Larabawan Sudan, yakan ce "ya Fallati" yana miƙo mini kofin jabana, wato gahawa, ba na jin komai. Ranar da aka faɗa mini ita a layin karɓar takardar zama ɗan ƙasa, a ƙasar da aka haifi kakana, sai da na rasa barci.

Wassalam.

Naka,
Wani mai sayar da riɗi,
Gadarif, Sudan