Zuwa Ga Ƙanena Da Ya Tsare Ni Da Tambayar Bindiga A Taron Sallah

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar da muka taru cin tuwon Sallah a Houston ta jihar Texas a Amurka, ka miƙe a gaban manya da yara ka jefo mini tambaya biyu, ni kuwa loma na bakina, na ce maka sai an natsu. Jama'a suka yi dariya, wasu suka ɗauka gudu na yi. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa. Cewa ka yi: "Yaya, kai da ko warin giya ba ka so, me ya haɗa ka da dokar giya da bindiga har kake ta ja mana kunne? Sannan wannan kuɗin da dillali ke karɓa kafin ya miƙa wa mutum bindigar da ya riga ya biya kuɗinta, ba ƙwace ba ne da rana tsaka?"

Bari in fara da ta giyar, don ita ce za ta iya kai ka gidan yari kana da alwala.

Ka tuna ranar wasan ƙarshe na kofin Afirka, 11 ga Fabrairun 2024, da Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya? Lokacin ba ka iso ba tukuna. Mu shida muka tafi wani wurin kallo mai manyan talabijin. Na kai hannu zan tura ƙofa sai idona ya faɗa kan wata takarda a jikin gilashi, da jan rubutu ƙato: 51%. Na tsaya cak. Na bayana ya ce, "Malam shiga mana, ai mu lemo za mu sha." Na ce ku shiga, ina zuwa. Na koma mota, na zare libarbar daga ƙugu, na sa ta cikin ɗan akwatin ƙarfen da na ɗaure da waya a ƙarƙashin kujera, na kulle, sannan na dawo. Har yau suna tsokanata wai tsoron takarda nake.

Takardar nan cewa take yi kashi 51 cikin ɗari ko fiye na cinikin wurin daga giyar da ake sha a nan take yake fitowa. A dokar Texas, shiga irin wannan wuri da bindiga babban laifi ne mai daraja ta uku, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 zuwa 10, da tarar da za ta iya kai dala 10,000. Dokar ba ta leƙa kofinka ba. Ko ruwan zamzam ne a ciki, ƙofar da ka ƙetare ita ce laifin. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Gidan abinci kuwa, wanda yawancin cinikinsa na abinci ne ko da yana sayar da giya, kana iya shiga da abarka, sai fa in mai wurin ya manna tasa takardar hani, irin waɗanda ake kira 30.05 da 30.06 da 30.07. Ɗaukar bindiga cikin maye kuma laifi ne mai zaman kansa, amma wannan na san ba naka ba ne.

Abin da ke ruɗa baƙi shi ne tun 1 ga Satumban 2021, bayan Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, mai shekara 21 da doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba yana iya yawo da ita a Texas ba lasisi. Sai mutum ya ji haka ya ɗauka an buɗe gari baki ɗaya. Lasisin aka sassauta, jar takardar tana nan daram. Ni ma har yanzu ina sabunta nawa, dala 40 ne, kuma ajin da ake shiga kafin a ba ka shi a nan na fara jin labarin 51% ɗin.

Kada ka ɗauka mutanen nan ba su yi rigima a kan batun ba. A Oktoban 1991 wani mutum ya kutsa da mota cikin wani gidan abinci a Killeen, ya harbe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda ta bar bindigarta a mota saboda doka ta hana ta shiga da ita, aka kashe mahaifinta da mahaifiyarta a wurin. Ta yi ta yawo tana ba da shaida har George W. Bush, yana gwamna, ya sa hannu a dokar lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye a 1995. Duk ranar da na kulle tawa a mota sai matar nan ta faɗo mini a rai. Amma kuma a Mayun 2015 'yan ƙungiyoyin babura suka taru a wani gidan abinci mai sayar da giya a Waco, gardama ta tashi, aka ɗauke gawa tara. Da waɗannan ranaku biyu a zuciya ake jayayyar, kuma kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna.

Ni da nake jan babbar mota na ga yadda kowace jiha ta yanke tata. A Virginia, Gwamna Tim Kaine ya hau kujerar na ƙi sau biyu, sai a 2010 Bob McDonnell ya amince mai lasisi ya shiga gidan abinci mai giya da bindiga a ɓoye, da sharaɗin kada ya kurɓa. A Tennessee majalisa ta tsallake Gwamna Phil Bredesen a 2009, kotu ta rushe dokar don ba a gane inda ta dosa ba, suka sake rubuta ta a 2010, ya sake ƙi, suka sake tsallake shi. Wasu jihohin kuma yawan giyar da ke cikin jini suke aunawa. Ma'aunin maye ga direban ƙaramar mota a mafi yawan Amurka 0.08 ne, amma mai ɗauke da bindiga a Minnesota 0.04 aka yanka masa, daidai da abin da aka yanka mana mu direbobin manyan motoci, Michigan kuwa tun daga 0.02 ta fara kama mutum. Tafiyar yini guda sai ka ratsa dokoki uku.

In ka tambaye ni, ta Texas ta fi kwanta mini. Irin ta Virginia amana ce aka ɗora wa mutumin da ba wanda ya san yana ɗauke da komai. Yarinyar da ke kawo kofi ta ina za ta san abin da ke ƙarƙashin rigarsa? Takarda a ƙofa kuwa ba ta buƙatar a yarda da kowa. Tana cutar irina, gaskiya ne, mu da ba ma sha. Na yarda a cuce ni da tafiyar minti biyu zuwa mota, in dai na gefena da ya sha kwalba shida shi ma ya baro tasa a can.

To, sai maganar ƙwace.

Ka ga ƙaramar bindiga a intanet, mai ita yana Arizona, ta fi ta shagon unguwarku araha da dala 60. Ka biya. Ba za a kawo maka ita gida kamar takalmi ba. Dokar tarayya ta 1968 ta ce sai an aika ta ga dillali mai lasisin tarayya a jiharka, shi zai miƙa maka. Asalin abin ma a nan Texas yake: bindigar da Lee Harvey Oswald ya harbe Shugaba Kennedy da ita a Dallas a 1963, ta gidan waya ya yi odarta daga Chicago da sunan ƙarya. Aka yi ta ja-in-ja shekara biyar, sai da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 sannan majalisa ta motsa.

Na tsaya a gaban kantar nan, don haka bari in gaya maka abin da ke faruwa. Dattijon mai shagon ya fito da kwali, ya yanka, ya juya bindigar ya karanta lambar jikinta, ya shigar a kundinsa. Ya miƙo mini fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar bindigogi, ya ce in karanta kowace tambaya sau biyu. Ya duba lasisin tuƙina, ya ga adireshin ya yi daidai da wanda na rubuta. Wanda ba shi da lasisin ɗaukar bindiga, a nan ne ake tura sunansa ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS, wanda dokar Brady ta 1993 ta haifar, ya fara aiki a 1998. FBI ba ta karɓar ko sisi a kan wannan binciken, Texas ma ba ta ɗora nata ba. Dala 35 da na ajiye a kanta aljihun dattijon ta shiga, kuma shi ya yanka ta. Na ga masu karɓar 20, na ga masu karɓar 50, ba dokar da ta ƙayyade musu a nan.

Me ka saya da kuɗin? Tun 1986 doka ta hana gwamnatin tarayya ajiye babban kundi guda na masu bindiga. Saboda haka kundin a warwatse yake, a durowar dillalai. Idan aka tsinci bindiga a wurin kisa, ATF ta kan bi sawu daga kamfanin da ya ƙera ta zuwa babban ɗan kasuwa zuwa shago, har a zaro takardar da ka sa wa hannu. Dillalin zai riƙe takardar nan muddin shagonsa na buɗe, ran da ya rufe ya tattara ya aika wa hukuma. Masu bincike kan shigo su bi kundinsa layi-layi, kuskure ya yi yawa a karɓe lasisin da yake ci da shi. Duk wannan a kan kayan da bai ci ribar ko kwabo ba, tunda a wani wuri ka saya. Kai ɗan Katsina ne, ka san ba a sayen fili a tashi ba a sallami masu shaida ba, kuma ran da rigima ta taso su ake nema. Kuɗin shaida ne wannan.

Inda kake da gaskiya ba zan ɓoye ba. Akwai dillalan da ke tsuga kuɗin da gangan, haushin ba a wurinsu ka saya ba. Ni kaina wani ya taɓa caje ni kuɗin ajiya saboda ina kan hanya mako uku ban zo ɗauka ba, alhali bai faɗa mini da wannan sharaɗin ba tun farko. Na biya, ban sake taka shagonsa ba. Wasu jihohin kuma nasu suke ɗorawa a kai: Virginia dala 2 ga ɗan jiha, Tennessee dala 10, Kalifoniya dala 37.19 da jiran kwana goma, ga harajin kashi 11 da ta ƙara tun Yulin 2024. Talaka mai aikin dare a unguwa mai hatsari, wanda ya fi kowa buƙatar kariya, shi wannan tarin ke dannewa. Kotun Ƙoli ma a shari'ar Bruen ta 2022 ta yi nuni da cewa kuɗin lasisi in ya wuce hankali ana iya ƙalubalantarsa. Amma dala 35 a Houston ba ta kai a kira ta ƙwace ba. Ka buga wa shago uku waya kafin ka yi oda, ka tambayi kuɗin da sharaɗin ajiya, shi ke nan.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda ma ba tambayarka ba ce, maganar da wani ya yi daga bayanka ce, da ya ce, "A ba wani ya sayo mana mana, a huta." Wannan ita ce hanyar da ake neman gira a rasa ido. Tambaya ta farko-farko a fom ɗin ita ce ko kai ne ainihin mai sayen. Wani tsohon ɗan sanda a Virginia, Bruce Abramski, ya saya wa kawunsa ƙaramar bindiga ƙirar Glock don ya samar masa rangwame, ya amsa da eh. Kawun ba mai laifi ba ne, doka ba ta hana shi bindiga ba. Duk da haka a 2014 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar da laifinsa. Tsohon ɗan sanda ke nan, ɗan ƙasa. A 2022 kuma aka ƙara sabuwar doka mai ɗaurin da ya kai shekara 15 ga mai saya wa wanda aka haramta wa.

Mu kuma muna da ƙarin kaya a ka. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin a Amurka, yana iya mallakar bindiga, amma laifin bindiga na cikin abubuwan da ake korar baƙo daga ƙasa a kansu, ko shekara nawa ya yi. Yaran nan namu masu bizar karatu dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga, in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi kamar lasisin farauta, don haka kada wanda ya ba su aro, ko na zuwa filin gwajin harbi ne, sai ya bincika. Gaskiya ne a Texas mazaunin jiha na iya sayar wa mazaunin jiha hannu da hannu ba tare da dillali ba, amma in abokinka a Oklahoma yake zaune, dole a bi ta shago. Masu tunanin cusa ta cikin kayan da ake aikawa gida a kwantena kuwa, laifi ne a nan, laifi ne a can, don dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin rukunin da sai da izinin shugaban ƙasa.

Ranar Asabar ina gari. In har yanzu kana kan bakanka na saye, ka zo bayan Azahar da lasisin tuƙinka da katinka, mu je wurin dattijon tare. Akwatin ƙarfen mota za mu fara saya, tunda ga jariri a gida kuma na san ba za ka daina zuwa kallon ƙwallo ba. Ka gaida mini mai jego.

Yayanka,
daga Houston