Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Ɗalibai Masu Karatu Daga Gida, Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa mambobi, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu,

A madadin shugabannin ƙungiya, ina gabatar muku da bayanin abin da Allah Ya ba mu ikon gudanarwa a wannan shekara, da wanda muka yi niyya bai yiwu ba, domin kowa ya san inda kuɗin gudummawarsa da lokacinsa suka tafi.

Mafi yawanmu ɗaliban Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa ne, wato NOUN, sai kuma waɗanda ke karatu a Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ita NOUN an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda shi kansa daga baya ya zauna ya yi digirin digirgir a cikinta. Tsari ne da ya buɗe ƙofa ga ma'aikaci da ɗan kasuwa da matar aure, har ma da waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali. Sai dai duk wanda ya ɗanɗana wannan karatu ya san cewa akwai abin da ba ya zuwa ta cikin waya: abokin zama a aji, wanda zai lura idan ba ka zo ba, ya kuma neme ka ya ji ko lafiya. Wannan giɓi shi ne dalilin kafuwar ƙungiyarmu, kuma a kansa muka auna duk aikin bana.

Aikin da ya fi kowanne amfani shi ne zaman bita na ranar Lahadi. Wata makarantar firamare ce ta ara mana ajujuwa, inda manya da gemu da masu goyo ke zama a kan bencin yara, gwiwa na dukan tebur, ana warware darussan lissafi da ƙididdiga a kan allo. A zaman farko an ga abin da ya taɓa zuciyar kowa: wasu 'yan uwa mata biyu da suka daɗe suna musayar saƙon murya a WhatsApp ba su taɓa ganin juna ba, sai da ɗaya ta yi tambaya a bayan aji, ɗayar ta juyo ta ce ta san wannan murya. Daga ranar tare suke zuwa a adaidaita sahu ɗaya, suna raba kuɗin. Mun lura cewa waɗanda ke halartar wannan zama ba su cika bari wa'adin aikin gida ya kuɓuce musu ba, saboda akwai mai tuna musu tun kafin a rufe shafin. Muna godiya ta musamman ga ɗaliban ajin ƙarshe da suka sadaukar da hutunsu suna koyar da na ƙasa ba tare da karɓar ko sisi ba.

Zaman da muke yi ta Zoom kuwa ya ja baya ƙwarai. Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu, mambobi da dama suka zaɓi adana datarsu domin darussan makaranta, kuma ba mu ga laifinsu ba. Saboda haka muka koma naɗar darasin da murya, a tura shi zauren WhatsApp, kowa ya saurara idan ya samu caji da sukuni.

Ta fuskar zumunci, mun yi shan ruwa tare a cikin watan azumi, wanda ya faɗo a Maris, kuma 'yan uwanmu Kirista sun halarta, har wasu suka taya rabon abinci. Bayan jarrabawar zango na farko mun kai ziyara Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, inda muka tarar cewa da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a Kano ba su taɓa leƙa ramin baba da idonsu ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ci gaba da atisaye. Zauren muhawara da na karatun littattafai kuwa sun yi sanyi, domin waɗanda suka ɗauki nauyinsu aikin ofis ya sha kansu, mu kuma shugabanni ba mu yi saurin naɗa mataimaka ba. Wannan sakaci namu ne, kuma mun karɓe shi.

Batun da ya fi ɗaukar lokacin kwamitin zartarwa shi ne shawarar kafa rukunin karrama zaƙaƙuran ɗalibai. Waɗanda suka kawo ta sun yi misali da Amurka, inda irin waɗannan ƙungiyoyi suka daɗe: Phi Beta Kappa ta faro a 1776, sannan National Honor Society ta ɗaliban sakandare ta biyo a 1921, wadda ke auna ɗalibi da abubuwa huɗu, wato ƙwazon karatu, hidima ga jama'a, jagoranci da kyawun hali. Wasu mambobi sun so a tsaya a kan maki kaɗai, domin shi ne ba ya jawo gardama. Wasu kuma suka ce ma'aikaciyar jinya da ke fitowa daga aikin dare ta buɗe darasi a wayarta, ta kuma samu lokacin koya wa sababbi yadda ake rajistar kwasa-kwasai, ba daidai ba ne a wuce ta don wani ya fi ta da ɗan maki. Ni kaina ina tare da wannan ra'ayi na biyu, domin da a ce maki ne kaɗai abin nema, da kowa ya zauna a ɗakinsa ba sai mun haɗu ba. A ƙarshe kwamiti ya amince a haɗa sakamakon jarrabawa da shaidar hidima ga 'yan uwa, a kuma hana shugabanni masu ci shiga jerin, don kada a yi zargin son kai. Ba za a karɓi kuɗi daga wanda za a karrama ba, kuma takardar da za mu bayar ta ƙungiya ce, ba ta da alaƙa da shaidar da jami'a ke bayarwa.

Asusun taimakon gaggawa ya tallafa wa waɗanda kuɗin rajistar jarrabawa ya gagara, an kuma kai gaisuwar ta'aziyya da barka gidajen mambobi. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro, kuma littafin yana hannunsa ga duk mai son dubawa.

Abin da ke damunmu shi ne 'yan uwan da ke ƙananan hukumomi na nesa, irin su Doguwa da Tudun Wada, waɗanda kuɗin mota ya hana zuwa cikin birni tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Muna roƙon duk wanda ke zaune a waɗannan yankuna kuma yake da zaure ko aji da za a iya aro, ya sanar da sakatare kafin babban taro, domin a fara zaman bita a can da shigowar sabon zango. A taron ne kuma za a kaɗa ƙuri'a kan ƙa'idojin karramawa, a naɗa sababbin masu kula da zauren muhawara.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya